John Riley da Bataliyar San Patricio: Wa Ya Fara Cin Amanar Wani?

Wata Asabar da la'asar ina zaune a dakalin ƙofar gidan wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon soja da ya daɗe da ajiye kaki, sai jikansa ya miƙo masa waya yana nuna masa wani ɗan bidiyo. Sojojin ƙasar Meziko ne a ciki, sun ƙame a gaban wani allon dutse da ke manne da bango, ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya jama'a na amsawa, ga tutar ƙasar Ailan tana kaɗawa kusa da ta Meziko. Dattijon ya gyara tabarau, ya nisanta wayar daga fuskarsa kamar yadda masu shekaru kan yi, ya tambayi ko su wane ne ake karramawa haka. Yaron ya karanta masa bayanin da ke ƙasa, cewa wasu baƙi ne, mafi shahara cikinsu 'yan Ailan, da suka tsere daga rundunar Amurka suka koma ta Meziko a yaƙin 1846. Bai bari an ƙarasa ba ya mayar da wayar, ya ce, "Ashe maciya amana ake yi wa fareti. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Na ce, "Baba, labarin nan yana da tsawo, a bari a ji ƙarshensa tukuna." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Kai ɗan boko ne, ɗana, ba ka taɓa sa kaki ba." Gaskiya ya faɗa, ban taɓa sawa ba, kuma ba na musu da shi a kan abin da ya gani da idonsa a fagen daga. Amma hukuncin da ya yanke cikin numfashi ɗaya ya tsaya mini a rai, domin na san labarin mutumin da ya jagoranci waɗannan sojoji, John Riley, kuma na daɗe da ganin cewa kalmar cin amana ta yi wa rayuwarsa kaɗan.

Ra'ayina shi ne, amana igiya ce da mutum biyu ke riƙe da ita, kuma rundunar da ta ɗauki Riley aiki ta saki nata bakin tun kafin shi ya saki nasa. Ban ce hannunsa babu jini ba, zan zo kan wannan. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a tara laifin duka a kan kurtun da ya tsallaka kogi, a wanke manyan da suka kai shi bakin kogin.

Baƙo a cikin kaki

An haifi Riley wajen 1817 a yankin Clifden da ke gundumar Galway, a yammacin Ailan, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Ingila. Ya fara aikin soja ne a rundunar Birtaniya, abin da dubban samarin Ailan suka yi saboda babu wata sana'a da ke ciyar da su a gida. Daga baya ya haye teku zuwa Kanada, ya gangara jihar Michigan ya yi aikin ƙarfi a tsibirin Mackinac, sannan a watan Satumba na 1845 ya shiga sojan ƙasa na Amurka. A wannan shekarar ce cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a Ailan, wannan dai da ake kira arish a kasuwanninmu, aka shiga yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya ta kuma kori sama da miliyan zuwa ƙasashen waje. Riley ya riga yunwar fita, amma ƙasar da zai koma idan Amurka ta ƙi shi ta riga ta zama maƙabarta.

Amurkar da ya tarar ba ta maraba da irinsa. Shi ɗan ɗariƙar Katolika ne a ƙasar da mabiya Furotestan suka fi rinjaye, kuma a lokacin ƙyamar baƙi ta zama siyasa mai magoya baya. A 1834 an ƙone gidan 'yan zuhudu mata na Katolika a Charlestown kusa da Boston, a 1844 kuma aka yi tarzoma a Philadelphia aka ƙone coci-cocin Katolika biyu, aka rasa rayuka. Duk da haka rundunar ƙasar da baƙi ta dogara, domin kusan rabin sojojin dindindin da Janar Zachary Taylor ya ja zuwa kan iyakar Meziko haifaffun waje ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Ailan ne. Albashin kurtu dala bakwai ne a wata. Hafsoshi kuwa kusan dukansu 'yan ƙasa ne, kuma horon da ake yi a bariki ya haɗa da ɗaure mutum a tsugune, a zura sanda tsakanin gwiwoyinsa da hannuwansa, a cusa masa itace a baki, a bar shi a rana. Babu limamin Katolika ko ɗaya a rundunar, sai bayan da guduwa ta yi yawa Shugaba James Polk ya tura biyu.

Ranar 12 ga Afrilu 1846 Riley ya haye kogin Rio Grande zuwa garin Matamoros da ke ɓangaren Meziko. Majalisar Amurka ba ta ayyana yaƙi ba sai 13 ga Mayu, wata guda bayan nan, kuma wannan ratar ce ta tsirar da wuyansa daga igiya daga baya. Meziko ta ba shi muƙamin laftanar, ya tara wasu irinsa, aka kafa rundunar da aka sani da Bataliyar San Patricio, da sunan waliyin da 'yan Ailan ke girmamawa, da koriyar tuta.

Ladan kuturu

Hujjar Baba ita ce mafi ƙarfi, don haka da ita zan fara. Riley ya yi rantsuwa, ya karɓi kaki, ya ci abincin bariki, babu wanda ya kamo shi da igiya ya sa shi aikin. Soja kuma ba ya zaɓen yaƙin da zai yi, domin da kowane kurtu zai tsaya ya auna adalcin umarni kafin ya bi, da babu rundunar da za ta kwana biyu. Na yarda da wannan a matsayin ƙa'ida, kuma na fahimci dalilin da ya sa mutumin da ya taɓa kwana a rami yana dogaro da na kusa da shi ba zai so jin wani uzuri ba.

Sai dai karin maganar da Baba ya kawo tana ɗauke da sharaɗi a cikinta, wato an biya ladan, kuma askin da aka yi ciniki a kai shi ne aka nema. Mu ɗauki misalin yaron shago a kasuwa. Ya zo wurin ubangida da yarjejeniyar zai yi shekaru yana hidima, a ciyar da shi, a mutunta shi, a ƙarshe a sallame shi da jari. Idan ubangidan ya mai da shi abin duka, yana zagin iyayensa da addininsa a gaban masu saye, yana fifita 'ya'yan 'yan uwansa a kansa ko da shi ya fi su iya aiki, sannan wata rana ya miƙa masa sanda ya ce ya je ya fasa shagon maƙwabci, babu dattijon kasuwar da zai saurari ƙarar ya ce yaron kaɗai ne mai laifi don ya fice. Za a fara tambayar ubangidan yadda ya riƙe nasa alƙawarin.

Fasa shagon maƙwabci kuwa shi ne ainihin abin da aka tura su yi. Meziko ta ɗauki kogin Nueces a matsayin iyakar Texas, Amurka ta ce Rio Grande ne, Polk ya tura sojoji cikin yankin da ake taƙaddama a kansa, da aka yi arangama a ƙarshen Afrilu sai ya sanar da majalisa cewa an zubar da jinin Amurkawa a ƙasar Amurka. 'Yan Amurka da kansu sun ga wannan dabara. Abraham Lincoln, yana ɗan majalisa a Disamba 1847 kafin ya zama shugaban ƙasa, ya nemi shugaban ya nuna ainihin wurin da jinin ya zuba. Ulysses Grant, wanda ya yi yaƙin yana matashin hafsa ya kuma zama shugaban ƙasa daga baya, ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa cewa yana cikin yaƙoƙi mafi zalunci da ƙasa mai ƙarfi ta taɓa yi da mai rauni. Da aka kammala a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ranar 2 ga Fabrairu 1848, Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta, har da California, a kan dala miliyan 15. Idan shugabannin Amurka biyu mafiya daraja sun kira yaƙin da wannan suna kuma ana yaba musu da gaskiya, ban ga dalilin da zai sa a hana kurtu hankalin gane abu ɗaya ba, alhali shi ya fito daga ƙasar da ta san ɗanɗanon maƙwabci mai ƙarfi.

Maganar kwaɗayi

Wani zai ce na yi wa Riley kwalliya, domin ba tausayin Meziko ya kai shi ba, gona da muƙami ne. Akwai gaskiya a nan. Janar-janar na Meziko sun riƙa watsa takardu cikin sansanin Amurka suna kiran baƙi, musamman 'yan Katolika, da alƙawarin eka 320 ga kowane kurtu da ya sauya sheƙa, fiye da haka ga mai muƙami. Riley da yake kurtu a wannan gaɓa ya wayi gari hafsa a waccan, har ya kai manjo. Bugu da ƙari, da aka gurfanar da su a kotun soja, yawancinsu ba su tsaya sun ce aƙida ce ta kai su ba, sai suka ce giya ce ta ɗebe su ko kuma kama su aka yi da ƙarfi, shi kansa Riley cewa ya yi kama shi aka yi. Bataliyar ma ba ta 'yan Ailan zalla ba ce, su wajen biyu cikin biyar ne, sauran Jamusawa ne da 'yan Ingila da Sikotlan da ma haifaffun Amurka.

Duk wannan bai girgiza ni sosai ba. Mutumin da igiya ke jiransa ba ya yi wa alƙalan da suka kama shi laccar siyasa, abin da zai iya tsirar da shi yake faɗa. Game da gona kuma, yunwa ce ta sa shi kakin Ingila, ita ce ta sa shi na Amurka, kuma babu wanda ya kira wannan kwaɗayi lokacin da ya amfani masu ɗaukar soja. Ita ma Amurka alƙawarin fili ta yi wa masu shiga yaƙin, eka 160. Abin mamaki ne a ce neman gona halal ne idan daga hannun Polk za ta fito, ya zama ƙazanta idan daga hannun Meziko ne.

Kuma kwaɗayi ba ya bayyana abin da ya faru a Churubusco. Mai neman gona kawai idan ya ga wuta ta yi zafi sulalewa yake yi, kamar yadda sojojin Amurka sama da dubu tara suka gudu a wannan yaƙin, mafi yawansu suka ɓace cikin gari ba su ɗauki bindiga a kan kowa ba. Su 'yan San Patricio sun zauna fiye da shekara guda a rundunar da ke shan kaye, wadda sau da yawa ba ta da albashin biya. Ranar 20 ga Agusta 1847 suka tsaya a wani tsohon gidan zuhudu da ke Churubusco a bakin birnin Meziko har albarusai suka ƙare, kuma an ruwaito cewa sun sauke farar tuta fiye da sau ɗaya da wasu suka ɗaga ta. Za a iya cewa tsoron rataya ne ya hana su miƙa wuya, kuma tabbas yana ciki. Amma mutum yakan ɗauki tsoro da fushi da buri da imani a zuciya ɗaya, kuma ban taɓa ganin wanda ya yanke babbar shawara a rayuwarsa da dalili guda tak ba.

Inda nake tare da Baba

Akwai wurin da ba zan iya kare Riley ba, kuma masu yi masa waƙar jarumta sukan tsallake shi da sauri. Ficewa daga yaƙin da kake ganin zalunci ne abu ɗaya ne, juya bakin igwa kan mutanen da kuka ci tuwo a akushi ɗaya wani abu ne dabam. Mutanen Riley gwanayen igwa ne, kuma a faɗan Monterrey a Satumba 1846 da na Buena Vista a Fabrairu 1847 sun yi wa rundunar Amurka ɓarna mai yawa. Waɗanda harsasan suka samu ba Polk ba ne, ba kuma masu ƙona coci a Philadelphia ba. Kuratan dala bakwai ne, da yawansu 'yan Ailan da Jamusawa masu cin irin wulaƙancin da ya ci.

Dubban 'yan Ailan sun zauna a rundunar Amurka har ƙarshe, sun haɗiye abin da Riley ya kasa haɗiyewa. Ɗaya daga cikinsu, Janar James Shields, haifaffen Ailan ne, harsashi ya ratsa huhunsa a Cerro Gordo ya warke, ya kuma jagoranci sojoji a Churubusco a ɗaya ɓangaren, daga baya ya zama sanata daga jihohi uku dabam-dabam. Waɗannan da suka zauna su ne suka biya wani ɓangare na bashin Riley, domin masu ƙyamar baƙi sun samu abin nunawa, suna cewa ga shaida ɗan Katolika ba abin yarda ba ne. Wanda ya fice daga gidan haya da faɗa yakan bar 'yan garinsu da ke sauran ɗakunan cikin zargi. Saboda haka idan aka tambaye ni ko zan kira shi waliyyi, a'a zan ce. Abin da nake jayayya a kai shi ne ma'aunin da aka auna shi da shi, domin an ajiye wannan ma'aunin da zarar an gama da talakawa.

Tutar Chapultepec

An gurfanar da mutum 72 a kotunan soja biyu. Bayan Janar Winfield Scott, babban kwamandan rundunar Amurka, ya duba hukuncin, ya yafe wa kaɗan, ya sassauta wa wasu, ya tabbatar da kisa a kan 50. Riley na cikin waɗanda aka sassauta wa saboda ya gudu kafin a ayyana yaƙi, kuma sassaucin shi ne bulala 50 a gadon baya da lalas a kunci da ƙarfe mai zafi mai siffar harafin D, farkon kalmar mai gudun soja a Turanci. Wanda ya yi masa lalas ɗin ya manna harafin a juye, sai aka ba da umarni a sake yi a ɗaya kuncin. Daga nan aka sa shi da abokansa haƙa kaburburan waɗanda aka rataye a San Ángel ranar 10 ga Satumba.

Rataya kanta magana ce. A al'adar soja ta lokacin harbi ne hukuncin mai gudu, igiya kuwa ta 'yan leƙen asiri ce da masu aikata ta'asa, don haka zaɓen igiya saƙo ne na ƙasƙanci. Mutum 16 aka rataye a San Ángel, huɗu washegari a Mixcoac, aka bar 30 na ƙarshe a hannun Kanar William Harney, mutumin da aka taɓa gurfanarwa kan dukan wata baiwa har ta mutu a St. Louis a 1834, kotu ta sake shi. Ranar 13 ga Satumba Harney ya tsayar da su a kan amalanken alfadarai tun da sassafe, igiya a wuya, fuskokinsu na kallon fadar Chapultepec da ake gwabza yaƙi a kanta, ya ce ba za su mutu ba sai sun ga an sauke tutar Meziko an ɗaga ta Amurka. Ɗaya daga cikinsu, Francis O'Connor, an yanke masa ƙafafu biyu saboda raunin da ya samu, yana kwance a asibiti, Harney ya ce umarnin da aka ba shi na mutum 30 ne, aka ɗauko shi aka ɗora. Da hantsi tuta ta hau, aka kaɗa alfadarai.

A nan ne nake roƙon mai karatu ya dubi tudun Chapultepec da kyau. Cikin matasan hafsoshin da suka haura Chapultepec da tuta a ranar akwai James Longstreet, wanda aka harba a cinya, da George Pickett, wanda ya karɓi tutar daga hannunsa ya haye katanga da ita. Injiniyan da Scott ya fi dogaro da shi a wannan tafiya Robert E. Lee ne. A Buena Vista, inda igwar Riley ta yi aiki, akwai Kanar Jefferson Davis. Shekara 14 bayan haka, a 1861, dukan waɗannan mutane suka juya wa tutar nan baya, suka jagoranci yaƙin ɓallewar jihohin kudu domin kare bautar da bayi, yaƙin da ya ci rayuka sama da 600,000. Babu wanda aka rataya a cikinsu. Davis ya yi shekara biyu a tsare aka sake shi ba tare da an kammala shari'a ba. Lee ya ƙare rayuwarsa yana shugaban kwaleji, aka yi ta gina masa gumaka. Longstreet har jakadan Amurka ya zama a daular Usmaniyya.

Na san amsar da masana doka za su bayar: hafsoshin sun ajiye aiki a rubuce kafin su tafi, Riley kuwa sulalewa ya yi. Amsar daidai ce a takarda, kuma ita ce ma ta fi tona asirin lamarin. Hafsa yana da ƙofar fita da doka ta buɗe masa, ya rubuta wasiƙa ya miƙa takobi cikin mutunci, kurtu kuwa ba shi da ita, wa'adin shekara biyar ɗinsa sai ya cika ko ya mutu. Dokar da ta ba mai galan damar sauya sheƙa da alƙalami ta tanadi ƙarfe mai zafi ga wanda ba shi da ko igiya ɗaya a hannun riga. Kakanninmu da Ingila ta kwasa zuwa Boma a yaƙin duniya na biyu sun san irin wannan tsari, inda kaki ɗaya ne amma albashi da daraja suna bin launin fata da wurin haihuwa, shi ya sa na yi mamakin yadda Baba, wanda ya tashi cikin labaran mazan jiya, ya ɗauki ɓangaren hafsoshi ba tare da jinkiri ba.

Ita ma Ailan

Kada a ɗauka wannan hali na Amurka ne kaɗai. Yau Ailan tana alfahari da Riley. A 1997 ita da Meziko suka fitar da kan sarki na haɗin gwiwa don cika shekara 150, akwai abin tunawa da shi a Clifden, kuma garin kan ɗaga tutar Meziko a watan Satumba. Amma laifi tudu ne. A yaƙin duniya na biyu, lokacin da Ailan ta zaɓi zama 'yar ba-ruwanmu, sojojinta kusan 5,000 suka bar bariki ba izini, da yawansu suka shiga rundunar Birtaniya don yaƙar Hitler. Da suka dawo, gwamnatin Éamon de Valera ta fitar da doka a 1945 ta kore su daga aiki, ta soke haƙƙoƙinsu na fansho, ta haramta musu duk aikin da gwamnati ke biya na shekara bakwai, aka rarraba jerin sunayensu ga ma'aikatu. Iyalai da yawa sun shiga talauci a dalilin haka. Sai a 2012 gwamnati ta nemi afuwa, a 2013 aka yi dokar yafiya, lokacin da saura ƙalilan ke raye. Ƙasar da ke jinjina wa ɗanta don ya gudu daga rundunar wani ta kwashe kusan shekara 70 kafin ta yafe wa waɗanda suka gudu daga tata, ko da yake abin da suka tafi yaƙa Hitler ne.

Meziko ma karramawarta ta fi yawa bayan mutuwa. Sunayen mutum 71 suna kan allon dutsen dandalin San Jacinto da ke San Ángel, wanda muka gani a wayar yaron, kuma an rubuta sunan bataliyar da ruwan zinariya a bangon majalisar wakilai. Amma a lokacin da mutanen ke raye suna bukata, ƙasar tana cikin rikici da talauci, an rusa bataliyar a 1848 'yan watanni bayan ƙare yaƙi, mutanenta suka watse. Riley ya fito daga kurkuku da tabo a kunci biyu, ya ci gaba da aiki a rundunar Meziko, aka sallame shi a 1850 saboda rashin lafiya, ya nufi Veracruz a bakin teku. A littafin wani coci na garin akwai rubutun binne wani Juan Reley a watan Agusta na shekarar, ɗan Ailan, ba a san iyayensa ba, aka ce giya ce ajalinsa, kuma masana tarihi sun rabu a kan ko shi ne.

Bayan mako guda na koma dakalin na ba Baba labarin daga farko, har da bulala da lalas da amalanken Harney da hafsoshin da suka mutu a gadajensu. Ya saurara yana jan carbi bai katse ni ba. Bai janye kalmarsa ba, ya ce har gobe shi ba zai kwana a rami ɗaya da mutumin da ya taɓa juya bindiga ba, sai dai ya ƙara da cewa kanar ɗin da ya rataye mara ƙafafu ba soja ba ne, mahauci ne. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya yi tambayar da ni ban yi tunaninta ba, wadda sai wanda ya taɓa bin layin tantance 'yan fansho zai yi: "To, ɗana, gonar da suka yi masa alƙawari, ya mutu ya ga takardarta kuwa?"